Yadda Za Ka Gyara Saitin Sabon Gem Kafin Ka Fara Bugawa

Kowane sabon gem yana zuwa da saitin da kamfani ya zaɓa masa, kuma kamfanin bai san girman allonka ba, bai san hasken ɗakin da kake zama ba, balle ƙarfin na'urarka ko yadda hannunka ya saba motsi. Galibi ma an tsara saitin ne don hoto ya ɗauki ido a mintunan farko. Shi ya sa za ka ga mutum ya buga awa biyu ya tashi da jiri ko ciwon kai, ko yana ta harbi ba ya samu, sai ya yanke hukunci cewa gem ɗin ba shi da daɗi, alhali minti goma sha biyar a shafin saituna sun isa su raba shi da matsalar. Gyaran yana da jeri, kuma jerin yana da dalili: a fara da allo, sai gudun hoto, sai hannu, sai kunne. Idan ka daidaita hannu tukuna sannan ka dawo ka canza gudun hoto, abin da hannunka ya ji ɗazu zai sauya, dole ka sake aikin daga farko.

Kafin ka buɗe gem ɗin, bar shi ya gama sauke sabuntawarsa. Yawancin manyan gem na zamanin nan suna fitowa da gyara tun ranar farko, kuma wani lokaci gyaran kan taɓa shafin saitunan kansa. Mai kwamfuta ya sabunta direban katin girafik ɗinsa, wato manhajar da ke tafiyar da katin da ke zana hoto, na Nvidia ne ko AMD ko Intel. Idan ka buɗe ka ga wani layi yana cika a hankali, gem ɗin yana shirya wa katinka bayanan zane, to kada ka tsallake shi. Sauri ya haifi nawa: wanda ya tsallake wannan jira zai biya shi da tsaitsayawar hoto duk lokacin da ya shiga sabon wuri a cikin wasan.

Daga nan sai allon. Idan talabijin kake amfani da ita, nemo yanayin wasa a cikin saitin hotonta ka kunna. Talabijin tana yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi, tana gyara launi, tana cusa ƙarin hotuna don motsi ya yi santsi, kuma duk wannan aiki yana cin lokaci tsakanin danna madanninka da ganin sakamakon a allo. Wajen kallon labarai ba wanda zai lura, amma a wasa jinkirin kan sa ka ji kamar hannun gem ɗin ya yi nauyi. Sababbin talabijin suna shiga wannan yanayi da kansu idan sun ga an haɗa PlayStation 5 ko Xbox Series, amma ka duba da idonka, domin a talabijin da yawa kowace kafar HDMI tana da nata saitin daban. In kana son 4K, wato hoto mai ɗigo 3840 da 2160, a kan 120Hz, wato allo ya sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, sai waya da kafa duka sun zama HDMI 2.1, kuma ba kowace kafa ce a bayan talabijin take da wannan ƙarfi ba.

Mai kwamfuta yana da abubuwa biyu da zai duba a nan, kuma su ne aka fi yin asara a kansu. Na farko, wayar allo ta shiga katin girafik, ba kafar da ke jikin motherboard, wato babban faifan cikin kwamfutar, ba. Na biyu, shiga saitin nuni na Windows ka ga a kan nawa allon yake gudu. Ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi allo mai 144Hz ya yi watanni yana amfani da shi a kan 60Hz saboda a nan Windows ta ajiye shi.

Yanzu buɗe gem ɗin, amma kada ka danna fara sabon wasa. Shiga saituna ka kunna rubutun magana tukuna. Gem da yawa suna buɗewa da dogon bidiyon labari wanda ba ya barinka ka shiga saituna sai ya ƙare, kuma a nan ne ake gaya maka ko wane ne kai da abin da ya kawo ka. Ƙara girman rubutun har ka iya karanta shi daga inda kake zaune ba tare da ka sunkuyo ba, sa masa baƙin bango mai ɗan duhu a baya don kada ya ɓace a kan farin wuri, kuma kunna sunan mai magana idan akwai. Masu PlayStation 5 za su iya ajiye irin waɗannan zaɓuɓɓuka sau ɗaya a saitin na'urar kanta, wato rubutun magana da matakin wahala da juyin kyamara, sai gem ɗin da ke karɓar wannan tsari ya ɗauka da kansa.

Haske shi ne na gaba. Za a nuna maka wata alama a kan baƙin fili, a ce ka ja ma'auni har alamar ta kusa ɓacewa. Yi wannan a cikin hasken da za ka riƙa wasa a ciki. Wanda ya daidaita da rana tsaka taga a buɗe, in dare ya yi zai ga baƙi ya koma toka-toka. Wanda ya daidaita cikin duhu kuma da rana ba zai ga komai a cikin kogo ko lungu ba. Ni nakan ƙara ɗan taki ɗaya sama da abin da suka ce, domin gara hoto ya ɗan rage armashi da a ce abokin gaba yana tsaye a inuwa ba ka gan shi ba. Game da HDR, wato fasahar da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto, fara daidaita shi a saitin na'urar kafin na cikin gem. Kuma idan allonka ba mai haske sosai ba ne, gwada kashe shi ka kwatanta. Akwai alluna masu karɓar HDR a suna kawai, hoton da suke bayarwa ya fi kyau idan an kashe.

Yanzu mun iso inda ya kamata ka fi daɗewa. Abin da kake gani a allo hotuna ne da ake jerowa da sauri, kowane ɗaya firem ne. A gudun firem 30 cikin daƙiƙa, kowane hoto yana zama milisakan 33.3 kafin na gaba ya zo. A 60 yana zama 16.7, a 120 kuma 8.3. Ma'anar wannan ba santsin gani kaɗai ba ce: duk abin da ka danna sai ya jira hoto na gaba kafin ya bayyana, saboda haka gudun firem yana shafar hannu kamar yadda yake shafar ido. A PlayStation da Xbox galibi za a ba ka zaɓi biyu, yanayin kyau mai firem 30 da yanayin sauri mai 60. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. In gem ɗin na harbi ne, ko faɗa, ko tsere, ko ƙwallo, ɗauki 60. Bambancin kyau yana ɓacewa da zarar ka fara motsi, musamman in kana zaune nesa da talabijin, amma bambancin sauri kana jin sa a kowace daƙiƙa. Gem mai tafiya a natse, na labari ko na dabara inda ake bi da bi, shi ne 30 ba ta cutar da shi. Wasu gem suna da zaɓi na uku, firem 40, ga mai allon 120Hz. Kada lambar ta ruɗe ka: milisakan 25 ne, wato daidai tsakiyar 30 da 60 ta fuskar lokaci, kuma yana da daɗin bugawa fiye da yadda ake zato.

A kwamfuta aikin ya fi yawa domin kai ne za ka haɗa naka yanayin. Fara da kunna ma'aunin firem. Steam, manhajar saye da buga gem a kwamfuta, yana da nasa, Windows ma tana da shi idan ka danna madannin Windows tare da G. Ajiye rezolushan, wato yawan fiksel ko ɗigogin da ke haɗa hoto, a kan ainihin na allonka, 1920 da 1080, ko 2560 da 1440, ko 3840 da 2160. Ka riƙe a ranka cewa 4K ya ninka 1080p sau huɗu a yawan fiksel, kimanin miliyan 8.3 a gaban miliyan 2.1, saboda haka nauyin da yake ɗora wa kati ba ƙarami ba ne. Sannan zaɓi matakin sama, ba na ƙololuwa ba. Matakin ƙololuwa yakan cinye ƙarfi mai yawa a kan bambancin da sai ka tsayar da hoto ka ƙura ido za ka gane.

Idan firem bai kai inda kake so ba, kada ka sauke komai gaba ɗaya. Akwai masu cin ƙarfi, akwai waɗanda kusan kyauta ne. Bin sawun haske, wato fasahar da ke lissafa yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, ita ce ta fi kowa ci, da ita za ka fara. Sai ingancin inuwa, sai hazo da hayaƙi da gajimare, sai hoton da ke bayyana a ruwa da gilashi, sai yawan jama'a da ciyayi. Sauke waɗannan taki ɗaya-ɗaya kana kallon ma'auni. Ingancin fatar abubuwa, wato zanen da ke jikin bango da tufafi da ƙasa, nasa lissafin daban ne: ba ƙarfin kati yake ci ba, ma'ajiyarsa yake ci. Muddin ma'ajiyar katin ba ta cika ba, bar shi a sama. Da ta cika kuwa za ka ga gem yana kamewa yana saki, ko zane ya ƙi fitowa da kyau. Gem da yawa suna nuna layin ma'ajiyar a gefen shafin. Bar ɗan sarari, kada ka kai shi baki. Mai kati mai gigabait 8 ya fi kowa bukatar kula da wannan a sababbin gem.

Akwai kuma DLSS na Nvidia, FSR na AMD da XeSS na Intel. Dukkansu dabara ɗaya suke yi: a zana hoto a ƙaramin rezolushan, a ɗaga shi ya cika allo. A matakin inganci, allon 4K yana karɓar hoton da aka zana a 1440p. A matakin sauri kuma daga 1080p ake ɗago shi. DLSS sai katin RTX na Nvidia, FSR kuwa yana aiki a katuna iri-iri. Ga mai allon 1440p ko 4K, matakin inganci riba ce kusan ba asara. Ga mai 1080p ka tsaya a matakin inganci kawai, domin ƙasa da haka hoton da ake ɗagowa ya yi ƙanƙanta, wayoyin lantarki da ganyaye za su fara rawa. Shi kuma zaɓin ƙirƙirar ƙarin firem, wanda ke cusa hotunan da aka ƙiyasta a tsakanin na gaske, yana ƙara santsin gani amma ba ya rage jinkirin hannu, yana ma ɗan ƙara shi. Kada ka kunna shi don ceto gem da ke rarrafe a 30. Yana da amfani ne idan dama kana kusa da 60.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne gudu mai tsayawa wuri ɗaya. Firem 60 da ba ya motsi ya fi wanda ke tsalle tsakanin 90 da 45 daɗi nesa ba kusa ba. Idan allonka yana da G-Sync ko FreeSync, ko VRR a talabijin, wato fasahar da ke sa allo ya bi gudun firem ɗin gem, kunna shi, sannan ka ƙayyade firem ɗan ƙasa da iyakar allon, misali 141 a allo mai 144Hz. Idan ba shi da su kuma kana ganin hoto yana yagewa a tsakiya in ka juya kyamara, V-Sync zai ɗinke shi, sai dai yana ƙara ɗan jinkiri. A gem na labari ka karɓi wannan ciniki, a na gasa kuwa da yawa sun gwammace yagewar.

Mai waya ma wannan doka ta hau kansa, har ta fi tsanani saboda zafi. Waya tana rage wa kanta ƙarfi da zarar ta ɗau zafi, saboda haka sauke girafik zuwa ƙasa ka ɗaga firem. A gem irin su PUBG Mobile, sai ka sauke girafik ne ma matakan firem na sama suke buɗe maka. Kashe yanayin tattalin batir kafin ka fara, kuma ka guji wasa waya tana caji idan tana saurin zafi.

Sai kayan adon kyamara, waɗanda su ne suka fi jawo jiri. Dishi-dishin da ake sa wa hoto in ka juya, girgizar kyamara, rausayar kai lokacin tafiya, ɗigo-ɗigon da ke kwaikwayon tsohon fim, da jan launi a gefunan allo: ba ɗayansu da yake taimaka maka ka buga da kyau. A firem 60 ni kashe dishi-dishin nake yi. A 30 barin kaɗan yana ɓoye tsallen hoto. Faɗin gani shi ma a duba shi, musamman a gem da kake kallo ta idon ɗan wasan. Wanda ke zaune dab da allon kwamfuta yakan ji daɗin digiri 90 zuwa 105, wanda ke nesa da talabijin ƙasa da haka ya ishe shi. Ƙuntataccen gani yana kawo tashin zuciya, mai faɗi fiye da kima kuma yana mayar da abokan gaba ƙanana kuma yana ƙara wa na'ura nauyi. Lura cewa wasu gem daga sama zuwa ƙasa suke aunawa. Digiri 59 a irin wannan awo daidai yake da 90 na gefe zuwa gefe a allon da aka saba.

Hannu ba a gyara shi a shafin saituna kaɗai, sai ka shiga filin gwaji ko farkon wasan inda ba mai kawo maka hari. Zaɓi abu ɗaya a bango, ka juya ka dawo kansa da sauri. Idan kullum kana wuce shi, rage saurin juyawa. Idan kullum ba ka kaiwa, ƙara. Yawancin masu farawa suna sa shi da sauri fiye da yadda za su iya riƙewa. Da zarar ka samu wanda ya zauna maka, bar shi ya yi kwanaki, domin hannu ba ya koyon abin da ake canza masa kullum. A hannun gem akwai ɗan filin da analog, wato sandar da babban yatsa ke juyawa, ke motsawa ba tare da gem ya amsa ba. Rage shi a hankali har ka ga kyamara ta fara tafiya da kanta, sannan ka ƙara taki ɗaya ko biyu. Tsohon hannu da analog ɗinsa ya fara saki zai bukaci fili mai faɗi. Taimakon saiti wajen harbi kuma ka bar shi a kunne idan da hannun gem kake bugawa, an yi shi ne domin babban yatsa ba zai taɓa kai maus daidaito ba.

Mai maus ya ajiye DPI, wato ma'aunin saurin maus ɗin kansa, a wuri ɗaya, 800 ko 1600, ya riƙa gyara sauri daga cikin gem. Kashe ƙarin gudun maus a Windows da cikin gem, don tazarar da hannunka ya yi ta riƙa ba da juyi iri ɗaya ko da sauri ka ja ko a hankali. Idan kana son duk gem ɗinka su zama ɗaya, auna santimita nawa maus ke tafiya kafin ka yi cikakken zagaye, ka rubuta lambar, ka riƙa nemo ta a kowane sabon gem. Duba kuma jerin madannai: abin da za ka riƙa yi kowane lokaci, kamar tsalle ko kaucewa, ya dawo inda yatsa ke kaiwa ba tare da ka saki tafiya ba. Gudu da tsugunno da leƙe ta bakin bindiga, mayar da su danna sau ɗaya maimakon riƙewa idan yatsunka suna gajiya. Wannan ƙaramin canji yana hutar da hannu sosai a doguwar zama.

Sauti ba ya ɗaukar lokaci. Gaya wa gem abin da kake ji da shi, hedfon ne ko sifikar talabijin ko manyan sifiku, domin kowanne da yadda ake haɗa masa sauti. Bar muryar 'yan wasa a sama, sauke kiɗa zuwa kashi 60 ko 70, ka ga yadda magana da takun ƙafa za su fito. Idan fashewa tana firgita gida amma raɗa ba ta jiyuwa, zaɓi yanayin dare, wanda ke matso da ƙarar sama da ta ƙasa kusa da juna. Hedfon na Bluetooth yakan makara kaɗan, mai waya ya fi a gem na gasa. Kuma ka tausaya wa kunnenka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma mai dogon zama da hedfon yana iya wuce wannan bai sani ba.

Matakin wahala ka karanta bayaninsa kafin ka zaɓa, musamman ka gano ko ana iya canza shi daga baya. Wasu matakan, irin wanda mutuwa ɗaya ke share duk abin da ka tara, ba a fita daga cikinsu sai an sake wasa daga farko. Fara da matsakaici, in ka ga ba ka jin komai ka ƙara, in ka ga wuri ɗaya ya tsare ka har daɗin ya fara gushewa ka rage, ba wanda yake bin ka bashin wahala. Leƙa shafin sauƙaƙawa ma ko da kana ganin ba ka da wata larura. The Last of Us Part II da ya fito a 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 na irin wannan, kuma tun daga lokacin manyan gem da yawa suka faɗaɗa nasu. A nan za ka samu girman rubutun allo, canza launuka ga wanda ja da kore ke rikita masa, mayar da yawan danna madanni zuwa riƙewa, da rage walƙiyar haske, wadda ke da muhimmanci ƙwarai ga mai farfaɗiya. Tabbatar kuma ajiyar kai-tsaye tana aiki. A Steam da Xbox ajiya a intanet kyauta ce, a PlayStation 5 sai mai rajistar PlayStation Plus.

In gem ɗin na intanet ne, mayar da makirfo sai ka danna zai buɗe, don kada baƙi su riƙa jin duk abin da ake faɗa a ɗakinka. Zaɓi sabar, wato kwamfutar da ke haɗa masu wasa a intanet, da ta fi ƙaramin lambar jinkiri, duba wanda aka yarda ya turo maka saƙo, kashe tura bayanan talla idan an ba ka zaɓi, kuma sa lambar sirri a kan saye, balle idan yara suna taɓa na'urar.

Gwajin gaskiya ba a ɗakin farko ake yin sa ba, domin nan ne wuri mafi sauƙi ga na'ura. Buga har ka kai wuri mai cunkoso, gari mai jama'a ko faɗa mai wuta da hayaƙi, ka kalli ma'aunin firem a can. Idan za ka gyara, taɓa abu ɗaya, koma wurin nan dai, ka ga abin da ya canza, sannan ka taɓa na biyu. In ka canza biyar a tare ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Mai waya da mai laftof su jira minti 20 zuwa 30 kafin su yarda da lambar da suke gani, domin sai na'ura ta yi zafi ainihin gudunta yake bayyana. Idan komai ya zauna, ɗauki hoton kowane shafi na saitunan ka ajiye, saboda sabuntawa takan mayar da su yadda suka zo daga kamfani ba tare da sanarwa ba.